A Buɗe wa Ɗaliban Lauya Zaure



Mu da muke riƙe da alƙalami a fadar dattawa, babu makon da zai wuce ba mu ga hawaye ba. Ga matar da mijinta ya rasu, 'yan'uwansa sun rufe ɗaki. Ga ɗan haya da maigida ya ce sai ya biya kuɗin shekara 2 ko ya kwashe kayansa. Ga uwar da ɗanta ya kwana 5 a hannun 'yan sanda. Mukan ba su haƙuri, mu yi musu addu'a, su tashi da damuwarsu.

Alhali kuwa doka ta riga ta yi magana. Kundin tsarin mulki na 1992 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin awa 48, ko a sake shi. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin gaba da ya wuce na wata 6. Tsohuwar dokar auren Musulmi ta ce a yi wa aure rajista cikin mako guda. Nawa ne daga cikinmu suka san haka? Rashin sani ya fi dare duhu.

Saboda haka muke mamakin masu cewa kada a bar yaranmu masu karatun lauya su zauna su ba jama'a shawara kyauta, wai yara ne, wai za su raina manya su ɓata sulhu. Sun manta da 1997 ne? A shekarar nan Mahama Ayariga da Raymond Atuguba, suna samari masu karatun shari'a, suka fara sauraron koken talakawa a nan Nima. Daga nan Legal Resources Centre ta samo asali, har ɗalibai daga Harvard ta Amurka suka riƙa zuwa Nima da Maamobi koyon aiki. Baƙi sun ga daraja a lungunanmu, mu kuwa muna korar namu.

Gaskiya ne ɗalibi ba lauya ba ne, kuma dokar 1960 ba ta ba shi damar tsaya wa kowa a kotu ba. Amma zai karanta wa tsohuwa takarda kafin ta dangwala yatsa, ya raka ta Hukumar Taimakon Shari'a da dokar 2018 ta kafa, ya gaya mata abin da ba a biya masa ko kwabo. Sulhu alheri ne, amma idan ɗaya ya san haƙƙinsa ɗaya bai sani ba, danniya ce aka sa mata rawani.

Sarakunanmu da limamanmu, Allah ya ƙara muku girma, ku ba su zaure da tabarma ranar Asabar, tare da lauya guda mai duba aikinsu. Ku kuma 'ya'yanmu na Legon da Makola, da kuɗin koko da waake aka biya muku makaranta. Ku dawo ku fitar da zakkar iliminku.

Allah ya sa mu dace.