Labarin cimakarmu a rumbun wani: me musayar bayanai ta intanet ta tsinana wa manomin Nijar?

A ƙarshen watan Janairu na shekara ta 2025, ma'aikatan da ke bin diddigin cimaka a ƙasashen Sahel sun wayi gari sun tarar da shafin FEWS NET a rufe. Wannan cibiya Amurka ce ta kafa ta a shekara ta 1985, bayan yunwar da ta yi ɓarna a Habasha da Sahel, domin ta riƙa yin kashedi tun kafin fari ko tsadar hatsi su zama bala'i. Da gwamnatin Donald Trump ta dakatar da taimakon da take bai wa ƙasashen waje, sai taswirori da alƙaluman shekaru masu yawa, har da na Maraɗi, Damagaram da Tawa, suka ɓace daga intanet. Sai da aka yi watanni kafin shafin ya dawo, ita kuwa hukumar USAID da ta raine shi an rufe ta a watan Yuli na wannan shekara. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Wannan lamari ya isa ya sa mu zauna mu yi wa kanmu tambaya: bayanan da ake tattarawa a kan gonakinmu da kasuwanninmu, a hannun wa suke, kuma wa suke yi wa amfani?

Da farko, gaskiya ce dole mu faɗa: musayar bayanai ta intanet ta sauƙaƙa aikin ƙungiyoyin agaji da na raya karkara. Tun 1996 Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe shafin ReliefWeb, inda kowace ƙungiya ke ajiye rahotonta kowa ya gani. A nan Yamai muna da cibiyar AGRHYMET ta ƙungiyar CILSS, wadda tun 1974 take nazarin ruwan sama da amfanin gona. Sau biyu a shekara, bayan girbi da kuma kafin bazara ta yi tsanani, ƙwararrun gwamnati da na ƙungiyoyi suna zama su haɗa alƙalumansu, su fitar da taswira ɗaya mai nuna inda ake cikin matsi. A da, rahoton da aka rubuta a Dakoro sai ya yi makonni a hanya kafin ya iso ofishin minista; yau cikin yini ɗaya yana iya kaiwa Roma ko Janeba.

Sai dai abin da ya faru a 2005 ya koya mana cewa samun labari daban, aiki da shi daban. Bayan ƙarancin ruwa da farin dango na 2004, an san ƙasar na da giɓin hatsi sama da tan 200.000, kuma gwamnati ta nemi taimako tun ƙarshen wannan shekara. A watan Mayu na 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira da a ba da dalar Amurka miliyon 16, amma masu hannu da shuni suka yi kunnen uwar shegu. Duk rahotannin nan suna kan intanet, kowa na iya karantawa. Ba a motsa ba sai a watan Yuli, lokacin da talabijin ta BBC ta nuna hotunan yaran Maraɗi masu fama da tamowa. Gani ya kori ji, amma kafin nan buhun hatsi ya wuce jika 25 a kasuwanni da dama, iyalai sun sayar da bisashensu a wulaƙance. A wannan shekara kaɗai likitocin MSF sun yi jinyar yara fiye da 60.000 masu tamowa mai tsanani.

Akwai wani darasi kuma. Masu nazari daga nesa sun fi zura ido ga yawan abin da aka girbe, shi ya sa ba su zaci matsalar za ta fi tsanani a kudancin Maraɗi da Damagaram ba, tunda nan ne ake ɗauka rumbun ƙasa. Abin da ɗan kasuwar Jibiya ko na Dawanau ya sani, wato hatsi na bin inda kuɗi suke ya tsallake iyaka, da abin da matar ƙauye ta sani, wato maigida ya ci bashi tun kafin girbi ya biya da damma, duk ba su shiga kwamfuta yadda ya kamata ba. Bayanin da bai saurari mutanen wuri ba, ko da ya zagaye duniya, gurgu ne.

Abin da ya fi damunmu shi ne, har gobe labarin hawa yake yi, ba ya saukowa. Ma'aikacin ƙungiya zai zo gari da salularsa, ya tara mata a gindin bishiya, ya tambaye su tiya nawa ta rage, awaki nawa aka sayar, sau nawa yara ke cin abinci a yini. Ya tura amsoshin, a mayar da su rahoto da Faransanci ko Ingilishi. Wata ƙungiyar ta zo bayan wata guda ta sake yin tambayoyin nan. Mai gari bai ga sakamakon ba, sau da yawa magajin garin kwamin ma bai gani ba, balle manomin da aka ɗebi labarin daga bakinsa.

Alhali kuwa mun ga abin da labari ke yi idan ya isa hannun masu shi. Binciken da masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta yi a kasuwannin hatsin Nijar tsakanin 2001 da 2006 ya nuna zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, don kawai ɗan kasuwa ya samu damar tambayar farashi kafin ya yi lodi. Haka nan cibiyar RECA ta manoma ta buɗe layin da mai lambu zai kira, ko ya aika hoton ganyen da tsutsa ta ci ta WhatsApp, a ba shi amsa da murya cikin Hausa ko Zabarmanci. Wannan ita ce hanyar da ta dace da ƙasar da yawancin manomanta ba su yi lakwal ba.

To, mene ne abin yi? Na farko, hukumominmu na SIMA mai bin farashin kasuwanni da SAP mai yin kashedin gaggawa, waɗanda ke aiki tun ƙarshen shekarun 1980, ya kamata kuɗin tafiyar da su ya fito daga kasafin ƙasa, don kada ranar da abokin arziki ya janye hannu mu koma makafi. Na biyu, duk ƙungiyar da ta tattara bayanai a ƙasar nan ta ajiye kwafinsu a gida, a kuma bar su a buɗe ga ɗalibai, ƴan jarida da zaɓaɓɓun jama'a, domin ɓoye alƙaluman yunwa bai taɓa ƙosar da kowa ba. Na uku, tunda dokar ƙasa ta watan Maris 2025 ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, babu sauran hujjar barin taswirar cimaka cikin Faransanci kaɗai. A fassara ta cikin harsunanmu, a karanta a gidajen rediyon karkara ranar kasuwa.

Ba mu ce a raba gari da abokan hulɗa na waje ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna cewa ne haɗin gwiwar ya zama na masu ba juna labari. Manomin da ya faɗi abin da ya rage a rumbunsa yana da haƙƙin a dawo a gaya masa abin da aka gano, da abin da za a yi, tun kafin bazara ta kama shi.