FILIN MATA: Suna Ba Ya Cika Tukunya

 

Yau zancenmu a kan zabiyoyi ne da 'yan wasa mata, watau waɗanda Allah Ya ba baiwar faranta wa jama'a rai. Dalilin da ya sa na ɗauko zancen kuwa shi ne, yanzu da wuya ki shiga ajin 'yammata a Kazaure ko Roni ko Gwiwa ko Ɓaɓura, ki tambayi abin da kowace ke so ta zama, ba ki sami mai ce miki waƙa ko wasan fim ba. Sun ga ado a talabijin, sun ga ana liƙa kuɗi a gidan biki, sai su ɗauka haka abin yake har tsufa. To, kafin yarinya ta yanke shawara, ya kamata ta ji labarin waɗanda suka riga ta bin hanyar.

Ba sai mun je nesa ba. Ga maƙwabciyarmu nan Ɗambatta, wadda duk mai zuwa Kano daga Kazaure sai ya ratsa ta. Can ne garin Halima Malam Lasan, wadda duniya ta sani da Magajiya Ɗambatta. Ku 'yan makaranta, in ba ku san ta ba, ku tambayi kakanninku. Za su gaya muku zamanin da muryarta ke fita daga akwatin rediyo, mata na daka suna amshi.

Abin da ya kamata mu masu ilmin boko mu riƙa tunawa da ita dominsa shi ne wannan. A farkon shekarun 1970, lokacin Gwamna Audu Bako, Kazaure da Ɗambatta duk suna cikin Jihar Kano, don ba a yanke Jigawa ba sai 1991. A sa'an nan iyaye da yawa na ƙyamar makarantar boko. In aka ji masu ɗaukar yara sun shigo gari, wani ya ɓoye ɗansa a rumbu, wani ya tura 'yarsa ƙauye wurin gwaggonta. Magajiya ta yi waƙar da ake kira Soriyal, tana jan hankalin iyaye su sa 'ya'yansu makaranta. Abin da hakimi ya faɗa aka ji tsoro, abin da malami ya faɗa aka yi shakka, ita da ta rera shi sai ya shiga har cikin ɗakin uwargida, inda ba hakimin da ke iya shiga. Ba a fara ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a ƙasar nan ba sai 1976, ita kuwa ta riga ta share fage. Watakila wata da ke karanta jaridar nan yau, albarkacin waƙar nan ne aka sa uwarta makaranta.

To, ina ƙarshen abin? Tsufa ya zo, ido ya tafi, murya ta raunana, masu kiran biki suka koma wurin sababbin mawaƙa. Aka wayi gari matar nan da ta kira yaran mutane zuwa makaranta tana zaune a Makoɗa, makauniya, sai an ja mata gora ta fita neman abin da za ta ci. Sai a farkon 2021 wani ɗan jarida, Malam Jaafar Jaafar, ya ba da labarin halin da take ciki, ya roƙi jama'a taimako. Mutane suka yi ƙoƙari ƙwarai, aka tara miliyoyin naira don a gina mata gida, a kuma ɗauke mata ci da sha. Amma ba ta daɗe tana morar abin ba, Allah Ya yi mata rasuwa a watan Oktoba na shekarar, tana da shekara 85. Allah Ya jiƙanta, Ya sāka wa waɗanda suka taimaka.

Kada ku ce wannan labarin mutanen dā ne. A watan Fabrairu 2022, dattijuwar 'yar wasan nan Ladin Cima, wadda ake kira Tambaya, ta yi hira da Sashen Hausa na BBC. Ta ce duk daɗewarta a wasan kwaikwayo ba a taɓa ba ta naira 50,000 a dunƙule don fim ɗaya ba, abin da takan samu daga 2,000 ne zuwa 5,000. Waɗansu masu shirya fim suka musa, suka ce sun ba ta fiye da haka, aka yi ta cece-kuce. Ni dai ba alƙali ba ce. Amma kowa ya gani, matar da babu gidan da ba a san fuskarta ba ta tsufa tana fama da zancen wurin zama.

Me ke kawo haka? Ba lalle almubazzaranci ba ne, kada mu ɗauki alhakinsu. Yadda sana'ar take ne. Kuɗin zabiya daga hannun mai biki da masu kari yake fitowa. In an tashi, sai an raba da makaɗa da 'yan amshi da maroƙa. Abin da ya rage, ga dangi, ga baƙi, ga suturar fita, don ba a son a ga mai suna da zane ɗaya a biki biyu. Ran da ba biki ba kuɗi. Ba albashi, ba fansho. Waƙar da aka ɗauka kuwa, a dā 'yan kasuwa ke ta buga kaset suna sayarwa, yau kuma masu turawa a waya ke cin moriyarta, mai waƙar ko sisi ba ta gani. Ga shi kuma sunan kansa nauyi ne. Kowa na zaton kina da shi, saboda haka mai roƙo ya fi mai bayarwa yawa a ƙofarki.

Akwai kuma zancen gida. Marigayiya Barmani Coge ta Funtuwa, mai kiɗan ƙwarya, wadda ta rasu a 2013, ta yi aure tun tana yarinya, ta haifi 'ya'ya 12, ta kuma yi suna har ƙarshen ranta. Amma ku lura, mijinta na fari makaɗin garaya ne, ya san sana'ar, bai ɗauke ta abin kunya ba. Ba kowace ke dacewa da irin wannan miji ba. Sau nawa muka ga 'yar fim ta yi aure ta bar wasa, auren ya mutu, ta komo ta tarar wata ta gaje wurinta? Ita Barmani ɗin ma, babban abin da ta yi ta nanata wa mata a waƙoƙinta shi ne su kama sana'a.

Saboda haka, 'yammata, ban ce baiwa laifi ce ba. Amma ga shawarata. Ki fara gama makarantarki, ki riƙe takardarki, don ita ba ta dushewa kamar murya. Ki koyi sana'ar hannu ta biyu, ko ɗinki ko saƙa ko kiwo. Kada ki yi wa kowa aiki sai an rubuta nawa za a ba ki da ranar biya, kin karanta kin sa hannu, da sanin iyayenki. In kuɗi ya shigo, ki cire kashi ɗaya tun kafin a gani, ki zuba adashi, ki sayi tunkiya, in ya taru ki sayi fili, takardarsa da sunanki. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Ku kuma iyaye mata, namu laifin ba ƙarami ba ne. Mukan yi rawa da waƙar mutum shekara da shekaru, ran da ya daina fita ba mai cewa yana ina. A unguwarku akwai tsohuwar da ta yi guɗa a bikinki, ko ta yi kiɗan ƙwarya ran sunan ɗanki na fari. In kin tuƙa tuwon dare yau, ki aiki yaro da kwano ɗaya, ki kuma je da kanki ki gaishe ta. Kada mu jira sai jarida ta buga hotonta.

Allah Ya sa mu gama da duniya lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.

Taku,
Malamar Filin Mata, Kazaure