Kasuwar Hannun Jari da Ilimin Annoba: Abin da Binciken Robert Shiller Ya Koyar

A ranar Litinin, 19 ga Oktoba, 1987, farashin hannun jari a kasuwar New York ta Amurka ya faɗi da kashi 22.6 cikin ɗari a wuni guda. Ba a shiga yaƙi a ranar ba, ba a yi girgizar ƙasa ba, masana'antu kuma sun wayi gari da injinansu da ma'aikatansu kamar yadda suke a jiya. Duk da haka dukiya mai tarin yawa ta narke kafin magariba. Masu iya magana kan ce ruwa ba ya tsami banza. To, mene ne ya sa wannan ruwan ya yi tsami? Amsar da masanin tattalin arziki Robert Shiller ya bayar ta cancanci a karanta ta a ajin kimiyya, domin ta fi kusa da ilimin halittu fiye da yadda yawancin mutane ke zato.

Hannun jari wani yanki ne na mallakar kamfani. Wanda ya saya yana da rabo daga ribar da kamfanin zai samu nan gaba. Saboda haka, bisa hankali, ƙimar hannun jari ita ce jimillar rabon ribar da ake sa ran samu, bayan an rage wani abu saboda jiran da za a yi. A kan wannan tushe ne Eugene Fama na Jami'ar Chicago ya gina ra'ayinsa cewa farashin kasuwa ya riga ya haɗiye duk labarin da ake da shi, don haka ba ya motsawa sai wani sabon labari ya iso.

Shiller, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Yale, ya yi abin da ɗan kimiyya na gari kan yi, wato ya gwada ra'ayin da hujja. A wani bincike da ya wallafa a 1981, ya tattara farashin hannun jarin Amurka tun daga 1871, ya jera shi kusa da rabon ribar da kamfanonin suka biya daga baya. In da farashi hasashen riba ne kawai, da bai kamata ya fi ribar kanta tangal-tangal ba. Abin da ya gano shi ne, rabon riba yana tafiya a natse, amma farashi yana hawa da sauka ninki 5 zuwa 13 fiye da abin da ribar za ta iya bayyanawa. Bayan faɗuwar 1987 kuma, ya aika wa masu zuba jari takardun tambayoyi. Amsoshin sun nuna cewa abin da ya fi tsorata su shi ne faɗuwar farashin kanta. Kowa ya ga wani yana sayarwa, shi ma ya sayar.

Mai nazarin halittu ba zai yi mamakin wannan ba. A dazuzzukan Kanada, yawan zomaye da yawan wata irin kyanwar daji mai farautarsu suna hawa da sauka kusan kowace shekara 10, kamar yadda lissafin fatun da kamfanin Hudson's Bay ya saya ya nuna. Idan zomaye sun yawaita, kyanwar ta samu abinci ta hayayyafa, ciyawa ta ragu, sai zomayen su kwanta dama, ita ma ta bi bayansu. Zagayen yana fitowa daga cikin tsarin kansa. Abin lura kuma, ɗaya daga cikin mutanen da suka fara bayyana cewa bunƙasar kasuwanci da karyewarsa suna zuwa a zagaye, wato Clément Juglar na ƙasar Faransa a littafinsa na 1862, likita ne kafin ya koma nazarin kuɗi. Ra'ayinsa shi ne ƙwayar karyewa tana cikin bunƙasar: idan ciniki ya yi kyau, bankuna su saki bashi, farashi ya tashi, mutane su ƙara cin bashi, har ranar da biya zai gagara.

Shiller ya ƙara wani mataki. A littafinsa na 2019 mai suna Narrative Economics, ya aro lissafin da Kermack da McKendrick suka tsara a 1927 domin fahimtar annoba. Lissafin yana kasa jama'a kashi uku: waɗanda cuta ba ta kama ba tukuna, waɗanda ta kama suke yaɗa ta, da waɗanda suka warke. Muddin masu kamuwa sun fi masu warkewa yawa, annoba tana bunƙasa. Idan waɗanda za a harba suka yi ƙaranci, sai ta lafa. Haka labarin arziki yake. Wani ya ji cewa maƙwabcinsa ya ninka kuɗinsa, ya saya, farashi ya ƙara tashi, labarin ya ƙara samun gaskatawa. Ranar da sababbin masu saye suka ƙare, sai labarin tsoro ya bi hanyar da labarin kwaɗayi ya bi, kuma shi ya fi sauri.

Adalci ne a faɗi raunin wannan ra'ayi. Magoya bayan Fama suna cewa idan har kumfar kasuwa abu ne da ake iya gani, me ya hana masu ganinta su faɗi ranar fashewarta? Tarihi ya ba su ɗan goyon baya. A watan Disamba na 1996, shugaban babban bankin Amurka, Alan Greenspan, ya yi gargaɗi a kan zumuɗin da ya wuce hankali, amma farashi ya ci gaba da hawa fiye da shekara 3. Wanda ya sayar a ranar gargaɗin ya yi asarar riba mai yawa. Sai a watan Maris na 2000, watan da littafin Shiller mai suna Irrational Exuberance ya fito, kasuwar Nasdaq ta kai ƙololuwa, daga nan ta zube da kusan kashi 78 cikin ɗari zuwa Oktoba 2002. A bugu na biyu na littafin, a 2005, ya yi gargaɗi a kan farashin gidaje, kuma rikicin 2008 ya biyo baya. A 2013 aka ba Shiller da Fama da Lars Peter Hansen kyautar Nobel tare, alamar cewa gardamar ba ta ƙare ba.

Amma rashin sanin rana ba ya rushe amfanin ilimin. Likitan da ya ga unguwa babu rigakafi kuma ruwan shanta gurɓatacce ne, ba zai iya faɗin ranar da kwalara za ta ɓarke ba, duk da haka gargaɗinsa gaskiya ne. Nijeriya ta ɗanɗana wannan. Bayan haɗe bankuna a 2005, jama'a da yawa, har da ma'aikatan gwamnati da 'yan fansho, sun ruga sayen hannun jari, wasu ma da bashin da bankunan suka ba su. Daga Maris 2008 zuwa farkon 2009 kasuwar Legas ta rasa kusan kashi biyu cikin uku na ƙimarta. A Agusta 2009 Babban Bankin Nijeriya, ƙarƙashin Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya cire shugabannin bankuna 5, ya zuba musu naira biliyan 420 domin kada su durƙushe.

Saboda haka ya kamata malaman sakandare su rushe katangar da ke tsakanin ajin ilimin halittu da ajin tattalin arziki. Malamin lissafi yana iya ba ɗalibai lissafin annoba su zana jadawalinsa, malamin tattalin arziki ya ajiye jadawalin farashin 2008 a gefensa, ɗaliban su gwada da idonsu. Ɗalibin da ya yi wannan aiki zai fita da tambayoyi biyu da za su tsare masa guminsa: daga ina ribar nan take fitowa, kuma wa zai saya idan kowa ya riga ya saya? Duk harkar da ba ta da amsar tambaya ta farko face shigowar sababbin mutane, annoba ce da ke jiran ranar lafawarta, kuma waɗanda suka kamu a ƙarshe su ne za su biya kuɗin magani.