Lasin Da Ubangida Tukuna, Kana Bindiga

In an ɗaure gero, an kai dawa rumbu a Kurya Madaro, saurayin da ya sami ɗan abin hannu ba ya rasa ɗaya cikin uku: ko aure, ko babur, ko bindiga. Aure da babur suna da masu ba da shawara da yawa. Bindiga kuwa a ɓoye akan yi cinikinta, don haka a kanta aka fi cutuwa.

Dalilin manomi ba na banza ba ne. Biri na karya masara, kurege da gafiya na tone gyaɗa, zomo na aske wake tun yana ganye biyu, beguwa kuma ba ta barin rogo ya kwana lafiya. Ga shi kuma zabon daji ko fakara cikin tukunya ba abin ƙi ba ne. Amma wanda bai taɓa harbi ba, bindiga ita ce abu na uku da zai nema. Na fari lasin, na biyu ubangida.

Dokar bindigogi ta shekarar 1959 ta kasa su kashi uku. Akwai na yaƙi, watau irin na soja da ƙanana na aljihu, waɗannan sai da iznin Shugaban Ƙasa, ba ruwan manomi da su. Akwai na farauta masu cin harsashi, lasinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sa'an nan akwai adaka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ita Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da iznin riƙe ta. Ba a ba yaron da bai kai shekara 17 ba, ba a ba mai taɓin hankali, ko mashayi, ko wanda idonsa ba shi da kyau. A shekarar 2023 Sufeto Janar ya ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasin, saboda haka kafin mutum ya ba kowa ko kwabo, ya fara zuwa ofishin 'yan sanda na Ƙauran Namoda ya ji inda magana ta tsaya. Wanda ya ce da shi, "Kawo kuɗi, takarda ta biyo baya," gidan yari yake sayar masa.

To, in hanya ta buɗe, wacce zai zaɓa? Samari sun fi kwaɗayin mai dogon zango, wadda ke jefa harsashi guda ɗaya tak. Wannan kuskure ne. Harsashin mafi ƙanƙanta daga cikinsu yana iya wuce mil guda kafin ya faɗi, ƙasar Ƙaura da Shinkafi da Zurmi kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, bayan kowace gona akwai wata gonar, ko rugar Fulani, ko yara masu kiwo. Wanda ya kuskure biri da irin wannan, bai san wanda ya samu ba. Abin da ya dace da sabon hannu shi ne mai baki ɗaya, lamba 12, wadda ke watsa tsaba. Ƙarfinta wajen taki 40 ne, bayan wannan tsabar ta watse, ba da daɗewa ba ta zube. Harbi ɗaya take yi, don haka takan koya wa mutum haƙuri da sanɗa. Kuma karya ta ake yi a tsaka a sa harsashi, in an ratayo ta a karye kowa ya gani ya san ba kome a ciki. Lambar tsaba kuwa a juye take: in lamba ta yi girma, tsabar ta yi ƙanana. Lamba 6 ta ishi zabo da zomo.

Adaka fa? Ita ce ta kakanni, ta fi araha, amma araha ba ta ado. Da yawa da bututun famfo ake ƙera su, ƙarfen da aka yi don ruwa ba don wuta ba, ga shi da ɗinki a tsawonsa. Rana ɗaya mai ita zai ƙara albarushi don ta yi amo, sai ta tsage a hannunsa. Manomin da ya rasa yatsu uku na hannun hagu, wa zai riƙe masa galma da damina? Har wa yau masu adaka sukan narka dalmar tsohon batir a tsakar gida su yi tsaba. Mutanen Zamfara ba su bukatar a gaya musu abin da dalma ke yi wa yara, tun da suka ga ta'adin da ta yi a ƙasar Anka da Bukkuyum a 2010. Ko naman da aka harbo, a tsince tsabar sarai kafin a dafa.

Ranar ciniki kada ya tafi shi kaɗai. A nan ne amfanin ubangida, watau tsohon maharbi wanda Sarkin Baka ya sani, mai gari kuma ya yarda da shi. Shi zai karya bindigar ya ɗaga ta wajen haske ya leƙa, ko akwai tsatsa mai rami, ko lotsawa, ko kumburi. Ya rufe ya girgiza, in ta yi ƙwal-ƙwal a mahaɗa a bar ta. Ya duba lambar da ke jikin ƙarfe ta yi daidai da ta takarda; in an goge lamba, a tashi daga wurin ba sallama. Sa'an nan saurayin ya ɗora ta a kafaɗa, in sai ya miƙa wuya kafin ya ga saiti, ba tasa ba ce.

Saura magana mai nauyi. Dajin yau ba na jiya ba ne. Dumburum da Sububu, inda dā maharba kan yi kwanaki, sun fi shekara 10 suna zaman maɓoyar 'yan bindiga. Mutumin da aka hango da bindiga da asuba, soja na iya ɗaukarsa ɓarawon daji, ɓarayin kuwa su ɗauke shi ɗan sa-kai, su huce a kan ƙauyensu duka. A watan Maris na 2025 an kashe matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo, mafarauta ne masu komawa Kano, don an ga adaka a motarsu. Kada kuma wani ya ruɗi kansa cewa da mai baki ɗaya zai tare masu AK-47. Gaskiya ne a watan Yuni na 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, amma nan da nan Babban Hafsan Tsaro, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko.

Don haka sabon maharbi ya tsaya gonarsa da ta maƙwabta, da rana tsaka-tsaki, bayan ya sanar da mai unguwa. Farautar dare da fitila a goshi ya bar ta sam. A gida ya ajiye bindiga dabam, harsashi dabam, inda yara ba su kai. In kuwa lasin ya ƙi samuwa bana, tarko da kare da yaro mai gwangwani a bakin gona suna korar biri da zomo, kuɗin kuma ya isa taki da irin wake na baɗi.