An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Batun Injin Niƙan Kofi

Akwai wani tsarin kashe kuɗi da ya zama ruwan dare tsakanin masu sayen kayan haɗa esfireso a gida, kuma a baibai yake. Mutum zai yi watanni yana tari, ya sayo injin dafawa mai ƙyalli, mai agogon awo a goshi, ya girke shi inda duk baƙon da ya shigo zai gani. Abin da ya saura a aljihu, in ma ya saura, shi ne rabon injin niƙa. Galibi wani ɗan ƙoƙo ne mai wuƙa a ciki, ko kuma a haƙura da shi baki ɗaya a riƙa sayen garin kofi a leda. Mako biyu ba za su cika ba sai ƙorafi ya tashi: jiya kofin ya yi tsami, yau ya yi ɗaci, shekaranjiya kuwa salam ya fito kamar ruwan wanke kofi. Daga nan sai a hau zargin injin dafawa, ko kamfanin da ya ƙera shi, ko wanda ya gasa ƙwayar kofin. Mai laifin kuwa yana zaune a gefe, ba wanda ya ko kalle shi.

Aikin injin dafawa bai taka kara ya karya ba. Yana ɗumama ruwa zuwa tsakanin digiri 90 da 96, sannan ya tura shi ta cikin garin kofi da matsin da ya kai bar 9, wato kimanin ninki tara na matsin iskar da ke kan mutumin da ke tsaye a bakin teku. Tun shekarar 1961, lokacin da kamfanin Faema na Italiya ya fito da injinsa E61 mai famfon lantarki, wannan aikin bai sauya a tushensa ba. Abin da masu talla ba sa son tsayawa a kai shi ne, famfo ba ya iya tara matsi shi kaɗai. Sai ya sami abin da ya tare wa ruwan hanya, kuma abin da ke tarewar shi ne garin kofin da aka danne a cikin kwandon ƙarfe. Idan garin ya yi tsaki-tsaki, ruwa zai ratsa shi cikin sakan goma ya fita bai ɗebo komai ba sai tsami. Idan ya yi laushi fiye da kima, injin zai yi ta gurnani, abin da zai ɗigo kuwa baƙi ne mai ɗaci da bauri. Ke nan hukuncin yadda kofin zai fito an riga an yanke shi tun kafin a kunna injin dafawa.

Ma'aunin da aka saba farawa da shi sananne ne: giram 18 na gari, a tace giram 36 na esfireso, cikin sakan 25 zuwa 30. Tazarar ƙunci gare ta, kuma dalilin ƙuncin ya girmi injin esfireso kansa. A 1856 wani injiniyan Faransa, Henry Darcy, wanda ya yi aikin samar wa birnin Dijon ruwa, ya wallafa bincikensa kan yadda ruwa ke ratsa yashi. Abin da aka gina a kan aikinsa ya nuna cewa saurin ratsawar ba ya bin girman ƙwayar yashin sau da ƙafa. Idan aka rage girman ƙwayar da rabi, wahalar ratsawar kusan ninki huɗu take yi. Garin esfireso kuwa da maikuron ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Sauyin da ido ba zai gani ba, yatsa ma da ƙyar ya ji, ya isa ya ƙara ko ya rage sakan da dama a lokacin tacewa.

A nan ne injin mai wuƙa ke faɗuwa warwas. Shi ba niƙa yake yi ba, sara yake yi, kamar bilendar markaɗen tumatir. Wuƙar na juyawa, duk ƙwayar da ta faɗo gabanta ta sha sara, wadda ta maƙale a gefe ta tsira. Abin da ke fitowa haɗin gambiza ne na ƙura da tsaki da ɓarzajjen da bai ji komai ba. Ruwa mai matsin bar 9 kuwa ba ya wahalar da kansa. Inda ya sami rauni nan yake bi, ya haƙa wa kansa kwararo, ya wanke garin da ke bakin kwararon har ya tatso ɗaci, ya bar saura kusan a bushe. Shi ya sa kofi guda ke iya haɗa tsami da ɗaci a kurɓa ɗaya, abin da ke rikita masu farawa, su rasa ko ƙara laushi za su yi ko ragewa. Babu dabarar da za ta gyara wannan, domin injin ba shi da wurin saiti. Injin niƙa na ƙwarai yana da haƙoran ƙarfe biyu masu fuskantar juna, ɗaya na juyawa ɗaya na tsaye, kuma ƙwaya ba ta fita sai ta ƙanƙance ta iya wucewa ta tazarar da ke tsakaninsu. Wannan tazarar ita ake saye.

Kamfanonin da ke ƙera injunan dafawa masu araha sun san duk wannan, kuma abin da suka yi a kai shi ne ya fi cancantar suka. Maimakon su gaya wa mai saye gaskiya cewa sai ya tanadi injin niƙa, sai suka sako masa wani kwando mai bango biyu, wanda ƙasansa ke da ƙofa guda ƙanƙanuwa kamar ta allura. Wannan ƙofar ce ke tare ruwa a madadin garin. Duk irin garin da aka zuba, ko na wuƙa ne ko wanda ya shekara a kanti, kofin zai fito da kumfa a samansa. Mai saye ya ga kumfa ya yi murna, yana zaton ya haɗa esfireso. Kumfar gaskiya daga iskar kabon da gashi ya bari a cikin ƙwayar take fitowa, tana shaida cewa kofin sabo ne. Ta kwando mai bango biyu kuwa yawancinta fesa ruwa ta ƙaramar ƙofa ne ya haifar da ita. Kyan ɗan maciji ke nan. Wanda ya saba da ita zai iya shekaru yana shan kofi mai rauni bai san abin da ya rasa ba, tunda an ɓoye masa alamar da za ta nuna masa akwai matsala.

Za a iya cewa, to me ya hana a bar wa mai gasa kofi ya niƙa da babban injinsa, wanda ya fi duk na gida? Hujjar tana da ƙarfi a kan kofin da ake tacewa da takarda, ko wanda ake jiƙawa a buta. A kan esfireso ba ta tsayawa, saboda dalilai biyu. Na farko, da zarar an fasa ƙwayar, ƙamshinta da iskar cikinta sun sami hanyar tserewa, kuma gari mai laushin na esfireso ya fi kowane saurin sanewa. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, saitin da ya dace ba abu ne tsayayye ba. Ƙwayar da aka gasa mako guda da ya wuce da wadda ta yi wata guda ba sa tare ruwa daidai. Yayin da take tsufa sai an riƙa ƙara laushi kaɗan-kaɗan. Laima a iska ma tana da tata rawar. Mai gasa kofi zai niƙa sau ɗaya, bai san kwandon mai saye ba, bai san injinsa ba, kuma ba ya nan ranar da abin zai fara zuba da sauri.

Saboda haka tambayar farko da ya kamata a yi wa kowane injin niƙa ita ce: yaya ƙanƙantar matakan saitinsa? Da yawa suna da haƙora masu kyau amma an ƙera su ne don kofin tacewa, matakansu manya ne, sai a tarar mataki ɗaya ya ba da sakan 18, na kusa da shi ya ba da 40, abin da ake nema kuwa yana tsakani inda ba a iya tsayawa. Kamfanin Baratza ya amsa wannan ƙorafi da Encore ESP, wanda a cikin matakansa 40 aka ware 20 na farko aka ƙanƙanta su don esfireso. Wasu, kamar Eureka Mignon na Italiya da Niche Zero na Ingila, ba su da matakai sam. Murɗawa ake yi a tsaya inda aka ga dama. Muhawarar da ta cika intanet, kan haƙora shimfiɗaɗɗu ko masu siffar mazurari, ba ta kai muhimmancin hayaniyar da ake yi a kanta ba. Akwai bambancin ɗanɗano, amma na wanda ya riga ya iya saiti ne, kuma masu tura sabon shiga ya sayi injin da kantunan kofi ke aiki da shi suna ɓarnatar masa da kuɗi ne ta wata fuskar.

Ba a ce injin dafawa bai da amfani ba. Wanda ke riƙe zafin ruwa ba hawa ba sauka ya fi wanda ke rawa, mai son kofi da madara kuma yana buƙatar tururi mai ƙarfi. Sai dai injin dafawa matsakaici da injin niƙa nagari za su ba da kofi mai daɗi kullum, akasin haka kuwa ba zai bayar ba ko sau ɗaya, sai bisa tsautsayi. Wanda ya ware kuɗi don wannan harka, rabin kuɗin ba su yi wa injin niƙa yawa ba.

Mai ƙaramin ƙarfi kuma yana da mafita da ake rainawa ba gaira ba dalili: injin niƙa na hannu. A cikinsa babu mota, don haka kuɗin duka sun tafi ne ga haƙora da ƙarfen da ke riƙe su a miƙe. Samfurin J-Max na kamfanin 1Zpresso na Taiwan yana matsar da haƙoransa ƙasa da maikuron 9 a kowane mataki, abin da injunan lantarki masu ninkin kuɗinsa da yawa ba sa yi. Niƙa giram 18 aikin kusan minti guda ne, kuma dantse zai san an yi aiki, musamman da ƙwayar da ba ta sha gashi sosai ba. Ga mazaunin Kano ko Abuja akwai ƙarin riba, tunda ɗauke wuta ko hawa da saukarta ba su shafe shi ba. Wanda ya nace sai na lantarki kuma ya duba bayansa kafin ya biya. Kayan da aka ƙera don kasuwar Amurka na wutar bolt 120 ne, ta Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230 ce, kuma jona shi kai tsaye ba tare da taransifoma ba ƙona shi ne. Na kasuwar Ingila ko Turai shi ne daidai.

Mallakar injin ba ta wadatar ba sai da sikeli mai auna kashi ɗaya cikin goma na giram. A auna ƙwaya, a auna abin da ya taru a kofi, a duba lokaci, sannan a sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji. Ya zuba da sauri ya yi tsami, a ƙara laushi. Ya daɗe ya yi ɗaci, a sassauta. Amma ƙara laushi yana da iyaka. Wani bincike da aka buga a mujallar kimiyya ta Matter a 2020, wanda masanin sinadarai Christopher Hendon na Jami'ar Oregon ke cikin marubutansa, ya gano cewa idan laushi ya wuce wani matsayi, abin da ruwa ke tatsowa daga garin raguwa yake yi, saboda wasu sassan sun toshe ruwa ya kauce musu. Wanda ya matse saiti har ƙarshe yana neman kofi mai ƙarfi, ƙwaya kawai yake asara.

Akwai kuma garin da ke maƙalewa a cikin inji bayan kowane niƙa. A wasu injunan yakan kai giram da yawa, wato kofin safiyar yau yana ɗauke da garin jiya, sabon saiti kuma ba zai nuna kansa ba sai an niƙa ɗan kaɗan an zubar. Cajin lantarkin da gogayya ke haifarwa, irin wanda ke sa biro ɗaukar takarda bayan an goga shi a gashi, yana ƙara dagula lamarin: gari ya manne a bango, ya dunƙule, ya watsu a kan tebur. Busasshiyar iska ce ke rura shi, don haka da hunturu abin ya fi muni. Maganinsa ɗigon ruwa ɗaya ne a kan ƙwayar, a juya da bayan cokali kafin a zuba. Masu sha'awar kofi sun daɗe suna yi, kuma Hendon da wasu masana duwatsu masu aman wuta sun auna shi a wani binciken na 2023 a mujallar guda, suka tabbatar cewa yana rage cajin da dunƙulewar.

Ɗigo ɗaya a kan ƙwaya daban, wanke haƙora da ruwa daban. Haƙoran ƙarfe tsatsa suke yi. Buroshi busasshe da abin hura iska sun isa, a cire filogi, a buɗe, a share duk bayan 'yan makonni, domin man kofi da ya taru yana lalacewa ya bar warin tsohon mai a duk abin da ya biyo baya. Shawarar da ake yaɗawa ta niƙa ɗanyar shinkafa don tsaftace inji gurguwa ce. Shinkafa ta fi gasasshiyar ƙwayar kofi tauri, tana wahalar da mota, tana barin ƙurar sitaci, kuma akwai ƙwayoyin tsaftacewa da aka yi musamman don wannan aiki, irin su Grindz. Mai son gahawa da citta da kanumfari kuma ya bar wa turmi aikinsu, domin ƙamshinsu na kama inji ya ƙi fita, busasshiyar citta ma na iya maƙure haƙora. Haka tsakuwa guda da ta ɓuya cikin ƙwaya za ta iya yi musu giɓi, dalilin da ya sa auna ƙwaya a ɗan faranti kafin zubawa ke da amfani na biyu.

Haƙoran ƙarfe masu kyau suna niƙa ɗaruruwan kilo kafin su dakushe. Gidan da ke shan kofi biyu a rana yana niƙa giram 36, wato kimanin kilo 13 a shekara. Idan ranar dakushewar ta zo, alamarta ita ce saiti ya riƙa matsowa ƙarshe, niƙa ya riƙa daɗewa, gari ya fito da ɗumi. Haƙoran kaɗai ake sauyawa, kuma a yawancin injunan gida aikin sukurdireba ne.