Jakin da Turanci ya ƙwace wa suna

Daren da Ajantina ta ɗauki kofin duniya a Katar, a Disamban 2022, na ji yaran unguwarmu sun fito daga gidan kallo suna ihu wai Messi akuya ne. Ni da na tashi inda in aka ce da mutum ɗan akuya sai an shiga tsakani, na ɗauka faɗa ne ya kaure. Ashe kirari ne. Haruffan GOAT, wato akuya da Turanci, su ne farkon kalmomin da ke nufin gwanin da ba a taɓa yin kamarsa ba.

Akuya ta taki sa'a. Sauran dabbobin gida kuwa, Turanci bai bar musu mutunci ba.

Jaki ya fi ba ni tausayi. Shekaru aru-aru sunansa ass, ba wanda ya ji komai. Sai lafazin ya je ya yi karo da arse, wato mazaunai, har a Amurka kalmomin biyu suka zama ɗaya. Daga ƙarshen ƙarni na 18 aka fara jin donkey, yau kuma kusan kowa da shi yake kiransa. Ga ɗaukar kaya, ga shan duka, sunan ma an ƙwace. Zakara ma haka: tsohon sunansa cock ya koma sunan al'aurar namiji, Amurkawa masu kunya suka koma cewa rooster.

Karya fa? Tun wajen shekarar 1400 ake jifan mata da sunanta na Turanci, bitch. Francis Grose, a ƙamus ɗinsa na zantukan 'yan tasha na 1785, ya ce babu zagin da ya fi shi ciwo ga macen Ingila. Abin da ke ba ni haushi shi ne, a Amurka saurayi zai kira amininsa kare su tafa, amma sunan karyar har gobe na cin mutuncin mace ne. Saniya ma a Turanci mata ake zagi da ita. Alade kuwa 'yan sanda aka liƙa wa, tun a Landan ta 1811.

A 1964 wani malamin Kambirij, Edmund Leach, ya lura cewa Bature ba ya zagi da dabbar da ke can nesa, irin su kangaru. Sai wadda ke kwana a tsakar gidansa, ko yake yanka ya ci. Na yarda da shi, don mu ma ba mu cewa mutum raƙumin dawa in ya ɓata mana rai; jaki da kare ne a bakinmu. Sabo da maza, jari ne. Sabo da dabba kuwa raini yake jawo mata.

Damuwata ita ce yaranmu. Suna tsintar waɗannan kalmomi a finafinai da waƙoƙin Amurka, suna watsa su a Facebook kamar gyaɗa. Kwanaki na ji wata 'yar makwabta, da hijabinta, ta kira ƙawarta bitch tana dariya. Na tambaye ta ko za ta iya ce mata karya da Hausa. Ta rufe baki, ta ce, “Haba Baba, Allah ya kiyaye!”

Malaman Turanci, in kun zo kan sunayen dabbobi a aji, ku daure ku faɗa wa yara ɗaya ma'anar da ke yawo a titi, kada su je su koya a bakin wanda suka zaga.