Baƙi daga sama: Tsakanin labarin Roswell da dutsen Zagami

Kusan kowane mako sai an turo mana wani bidiyo a WhatsApp ko TikTok, na wani haske da ya ratsa sama cikin dare, ko wani abu mai kama da faifai yana shawagi, tare da bayanin cewa baƙin halittu ne daga wata duniya. Matasanmu da yawa sun ɗauki bin diddigin irin waɗannan labarai a matsayin abin sha'awa. Ni ban ga laifin wannan sha'awa ba, domin wanda ya ɗaga kai ya dubi sama yana tambaya ya kama hanyar ilimi. Damuwata ita ce yadda muke saurin mayar da “ban san mene ne ba” ya koma “na san baƙi ne”.

Wannan magana a Amurka ta samo asali. A ranar 24 ga Yunin 1947, wani matuƙin jirgin sama mai suna Kenneth Arnold ya ce ya ga abubuwa tara suna gudu a sama kusa da tsaunin Rainier a jihar Washington. Makonni kaɗan bayan haka aka sanar da tsintar wasu tarkace a wata gona kusa da garin Roswell, labarin da har yau ake cin kasuwarsa. A 1994 rundunar sojin saman Amurka ta bayyana cewa tarkacen na wata balan-balan ce ta sirri, wadda aka ƙera domin sauraron gwajin makaman nukiliya na Tarayyar Sobiyet.

Rundunar ta kuma gudanar da wani bincike mai suna Project Blue Book, wanda aka rufe a 1969. Cikin rahotanni 12,618 da aka tattara, 701 ne kawai aka kasa ganowa. Sauran galibi jirage ne, ko balan-balan, ko taurari, ko yanayin gajimare. A Maris ɗin 2024, ofishin da ma'aikatar tsaron Amurka ta kafa domin wannan batu ya ce bai samu wata hujja ta fasahar baƙin halittu ba. Haruffan UFO kansu ma'anarsu ita ce abu mai tashi da ba a tantance ba. Rashin tantancewa gibi ne a saninmu, kuma gibi ba ya zama shaida.

Mai musu zai ce: to ai gwamnatoci suna ɓoye gaskiya. Haka ne, labarin Roswell ma ya nuna sun taɓa ɓoyewa, amma abin da suka ɓoye kayan leƙen asirinsu ne. Yau kusan kowa yana yawo da kyamara a aljihu, duk da haka hotunan baƙin nan ba su daina zuwa dishi-dishi ba.

Haka abin yake ga dodannin da ake ba da labarinsu. Shahararren hoton dodon tafkin Loch Ness na Sikotland, wanda aka buga a 1934, an gano bayan shekara 60 cewa haɗa shi aka yi da jirgin ruwan wasan yara. Amma kifin nan coelacanth, wanda masana suka ɗauka ya ƙare tun miliyoyin shekaru, da ya faɗa komar masunta a gaɓar Afirka ta Kudu a 1938 babu wanda ya yi gardama, saboda ga shi a hannu. Gani ya kori ji.

Wannan ba ya nufin tambayar ko akwai rai a wata duniya shirme ce. Tun daga 1995, lokacin da Michel Mayor da Didier Queloz suka gano wata duniya tana kewaya wani tauraro mai kama da rana, an tabbatar da irinta fiye da 5,000. Sai dai nisan ya wuce misali. Haske yana shafe fiye da shekara huɗu kafin ya iso mana daga tauraro mafi kusa da rana, kumbon Voyager 1 kuwa, da aka harba a 1977, zai buƙaci fiye da shekara 70,000 kafin ya ci wannan tazara. Yiwuwar rai a can daban, zuwansu nan daban.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, baƙo na gaskiya daga wata duniya ya taɓa sauka a ƙasarmu, amma kaɗan ne cikinmu suka san labarinsa. A ranar 3 ga Oktoban 1962, wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo a gona kusa da Zagami, cikin jihar Katsina ta yanzu. Daga baya masana suka tabbatar daga duniyar Mars ya fito, bayan sun gwada iskar da ta maƙale a cikinsa da wadda kumbunan Viking suka auna a can a 1976. A Nuwamban 2023 aka tsinci wani da ya fi shi girma a yankin Agadez na Nijar, aka sayar da shi a birnin New York a Yulin 2025 kan dala miliyan 5.3, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya bar ƙasar. Muna can muna kallon bidiyon bogi, wasu suna kwashe na gaske.

Don haka shawarata ga mai wannan sha'awa ita ce ya riƙe ta, amma ya ba ta tarbiyya. Ya fara da sanin Zara, wadda haskenta ya sha ruɗar mutane, da Kaza da 'Ya'yanta, da jerin taurarin ɗan'adam na Starlink da kan wuce a layi bayan magariba. In ya ga abin da bai gane ba, ya rubuta rana da lokaci da kusurwar da ya gan shi kafin ya yaɗa. Ba sai da digiri ba: a 2009 wani ɗan Ostareliya mai kallon sama a bayan gidansa ne ya fara hango tabon da wani abu ya yi wa duniyar Jupiter, kafin manyan cibiyoyi su juya na'urorinsu can.

Hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa da ke Abuja da jami'o'inmu suna da nasu aikin. Su shirya dararen kallon sama a makarantun sakandare, su kuma koya wa manoma da makiyaya abin da za su yi in dutse ya faɗo musu daga sama. Ya kamata a ce kowane ɗalibi a Katsina ya san sunan Zagami kafin ya san na Roswell.